Inda Baba Yake Tsayawa

A ƙarshen garin Kwarin Maje akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya da danga wadda ta gaji da tsayuwa. Mutum biyu ne a cikinsa: Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, da ƙanenta Nomau. Nomau ya doshi shekara arba'in, ƙato ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure, gemunsa har ya fara furfura. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce na ce. Bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa tsallake salla ba. Lalurarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya tsare maka akuya, to akuya zai tsare, ko da ɗakinka na cin wuta a bayansa. Mutanen gari suka mai da shi abin dariyar majalisa, kuma su ɗin ne dai, marasa kunya, ke ƙwala masa kira in za a ɗaga buhu ko a haƙa kabari.

Abin da su biyun ke ci duk daga wuri ɗaya yake fitowa, 'yar gonar da ubansu ya bar musu a fadama. Shinkafa da damina, albasa da rani. Ba saniya, ba ɗa a birni mai aiko da wani abu. To, a kan fadamar nan rigima ta tashi. Mutanen Tudun Faru, garin da ke can saman rafi, suka kai ƙara cewa fadamar duk tasu ce tun kaka da kakanni. Aka aiko da takarda: nan da wata guda kwamitin iyaka zai zo, kowane gari ya kawo tarihinsa da taswirarsa, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ke da fadama. Ranar da aka karanta takardar nan Tasalla ko tuwo ba ta ci ba. Wasu suna da gonakin tudu da za su koma. Ita in fadama ta tafi, sai dai ta kama hannun Nomau su shiga bara.

Maigari Barmo ya ɗora aikin a kan Malam Lurwanu, tsohon malamin firamare, mutumin da ya haddace duniya. Tambaye shi babban birnin Peru, kafin ka rufe baki ya ce Lima. Ya san dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, ya san a Uruguay aka fara gasar cin kofin duniya, ya san shekarar. Shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa, amma ƙafarsa ba ta taɓa shiga lakar fadamar garinsu ba, saboda yana tausayin takalminsa. Ya ce yana bukatar mai ɗaukar kaya. Tasalla ta kai masa Nomau da kanta, don shi kaɗai ne gudummawar da take da ita.

"Malam, ga shi nan. Ƙarfi dai Allah ya ba shi. Amma don girman Allah ka riƙa auna magana kafin ka faɗa masa."

Malam ya yi dariya. "Haba Tasalla! Na koyar da daƙiƙai sun fi ɗari biyar, wannan ne zai gagare ni?"

Wata rana Malam ya tsaya a kan tudu, Nomau na riƙe masa laima, yana ba shi labarin Turawan da suka shekara da shekaru suna neman mafarin kogin Kwara da ƙarshensa, zazzaɓi na kashe su ɗaya bayan ɗaya. Labarin ya yi masa daɗi a baki, sai ya nuna rafi da sanda ya ce, "Mu ma sai mun san mafarin namu. Bi shi sama, kada ka dawo sai ka ga inda ruwan ya fara da idonka." Marmaron da ke bayan dutse yake nufi, tafiyar rabin sa'a. Nomau ya isa marmaro, ya ga ai akwai wani ɗan ruwa da ke gangarowa cikinsa daga sama, don an yi ruwa jiya. Ya bi shi. Duk inda ya rabu biyu sai ya bi ɗaya har ya ƙare, ya dawo ya bi ɗayan. Kwana biyu Tasalla na yawo a daji tana kiran sunansa har muryarta ta dishe. Rana ta uku sai ga shi ya shigo gari, samarin Tudun Faru na biye da shi suna kaɗa gwangwani.

"Malam, na gano," in ji shi, fuska cike da fara'a. "Daga rariyar gidan Sarkin Fawan Tudun Faru yake fitowa. Na tsaya har matarsa ta zubar da ruwan wankin tukunya, na bi shi da ido."

Kafin magariba Tudun Faru duk ta ɗauka cewa ɗan aiken Kwarin Maje da bakinsa ya shaida rafin nasu ne. Tasalla ta gasa masa ƙafafun da suka kumbura, ranta ya yi baƙi ƙirin.

Wata rana Malam ya ce lokacin tarihi ya yi. Akwai Gwaggo Hansai, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, amma ɗakinta warin taba yake yi, Malam kuwa ba ya son ya shiga. Ya ce da Nomau, "Je ka zauna wurinta. Duk abin da ta faɗa ka riƙe, ka zo ka maimaita mini, kada ka rage ko kalma ɗaya." Nomau ya wuni can. Da la'asar ya sami Malam a ƙofar Maigari, majalisa ta cika maƙil, ya durƙusa ya fara.

"Ta ce: wane ne nan? Nomau? Zauna. Wayyo bayana. Ta ce: shi Lurwanun ƙafarsa karyewa ta yi da ba zai zo da kansa ba? Tun yana yaro rago ne, uwarsa ke ɗaukar masa allo."

Aka fashe da dariya. Malam ya ce ya tsallake nan. Nomau ya ce ai Malam ya ce kada a rage. Ya yi tari sau uku, irin na tsohuwa, ya tofar da yawu gefe yadda ta yi, ya ci gaba.

"Ta ce: tarihi suke so? To, kakan Barmo ai ɗan Tudun Faru ne. Kan satar tunkiya aka koro shi, ya zo nan da tabarma ɗaya, ubana ya ba shi masauki."

Dariya ta ɗauke ɗif. Wani ɗan'uwan Maigari ya tashi ya shara masa mari, wani ya ƙara. Wallahi Nomau bai daina ba. Leɓe na jini yana ta zuba, don saura labarin shekarar fara da na rijiyar da ta rufta, kuma an ce kada ya rage. Abin takaicin, a cikin wannan sauran ne tarihin gaskiya yake, amma wa ya tsaya ji? Tasalla ta zo ta janye shi. A hanya ta tsaya gaban Malam.

"Malam, na ce ka auna magana."

"Ni na ce ya zagi Maigari?" in ji shi, yana kakkaɓe riga.

Wata rana Malam ya fito da duniyarsa, wato taswirar nan mai siffar ƙwallo da ke juyawa a kan ƙarfe, wadda ya baro makaranta da ita ya kuma manta bai mayar ba. Ya nuna wa 'yan majalisa kogin Nilu, ya nuna tafkin Chadi, ya ɗora yatsa a kan Makka kowa ya yi salati. Da ya ga hira na neman yin sanyi sai ya nemi abin dariya. Ya ce Nomau ya zo ya nuna musu Kwarin Maje. Nomau ya kafa hanci a jikin abin yana dubawa, ana ta ƙyaƙyatawa. Da aka kira azahar Malam ya miƙe ya ce, "Zauna nan ka nemo. In ka rasa, kai ka sa shi, tunda masu yin ta sun manta da mu." Nomau ya nema har inuwa ta yi tsawo, bai gani ba. Sai ya je ya kwaɓo laka. A jikin duniyar ya gina gidan Maigari, ya gina masallaci, ya gina ɗakunansu biyu har da rumbu. Ya sa ƙusa ya tsaga rafi tun daga Masar har ƙasan Afirka, ya zuba ruwan buta ya tabbatar yana gudu. Takarda ta jiƙe ta saɓule. Malam ya dawo ya tarar Afirka duk ta tafi, ya zauna daɓas ya yi hawaye na gaske, hawayen da bai yi ba ranar da aka ce za a ƙwace fadama.

"Malam, ga gonarmu nan," in ji Nomau. "Na yi ta babba don kwamiti su gani da kyau."

Da labarin ya kai wa Tasalla ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka. Saura kwana goma sha biyu, ba tarihi, ba taswira.

Wata rana Hakimi ya aiko cewa a buga ƙwallon sada zumunci tsakanin garuruwan biyu, ko zukata sa yi sanyi kafin kwamiti ya zo. Malam ya naɗa kansa koci. Ya tara samari ya gaya musu faɗin raga yadi takwas ne, ya lissafa musu ƙasashen da suka taɓa cin kofin duniya, bai dai nuna musu yadda ake buga ƙwallo ba, don shi ma bai taɓa bugawa ba. Golansu ya sare ƙafa a gona, aka duba aka ga ba mai cika raga kamar Nomau. Malam ya kama kafaɗarsa ya nuna masa ƙwallo, ya nuna masa raga.

"Ƙwallon nan, kada ka bari ta shiga nan. Ko ta halin ƙaƙa. Ka ji?"

"Na ji, Malam."

Aka busa usur. Ɗan wasan Tudun Faru ya zo ya narka wata irin ƙwallo, Nomau ya cafe ta a ƙirji kamar an miƙa masa gwanda. Fili ya ɗauki ihu, "Nomau! Nomau!" Tasalla na can bayan mata, tunda take ba ta taɓa jin an kira sunan ƙanenta ba sai da sigar izgili. Daɗi ya kama ta har ta rangaɗa guɗa. Guɗar ba ta sauka ba ta ga ya juya. Ya fita daga fili da ƙwallo a ƙirji, ya ratsa jama'a, ya miƙe gida, ya jefa ta cikin rumbu ya rufe, ya zauna ya jingina da shi. Ƙwallon kuwa ta Tudun Faru ce, kuma ita kaɗai ce a garuruwan biyu. Aka fara da zage-zage, aka koma sanduna, aka fasa kai huɗu. Wakilin Hakimi ya rubuta cewa Kwarin Maje ce ta tsokano, ya ce takardar za ta shiga hannun kwamiti. Tasalla ta iso gida tana haki.

"Yaya, har yanzu ba ta shiga ba," in ji shi.

Washegari Maigari ya sa aka kira ta. Bai ko amsa gaisuwarta ba.

"Tasalla, ki buɗe kunne. Ranar kwamiti in na ga ko inuwar ƙanen nan naki, to ko mun ci fadama ba ki da gona a cikinta."

"Ranka ya daɗe, abin da aka ce masa yake yi."

"To ki ce masa ya ɓace."

Wata rana, ranar da kwamiti zai zo, Tasalla ta tashi Nomau ana idar da sallar asuba, ta miƙa masa fartanya. Ta kwana uku tana auna abin da za ta faɗa, ta tabbata ba ta bar kafa ko ɗaya ba. Zaman a makaranta za a yi, kuma ta san masu takalman birni ba za su shiga laka ba. Ta kuma gaji, gajiya irin wadda ke sa mutum ya ji haushin wanda yake ƙauna.

"Tafi gona. Ka yi noma daga inda Baba yake farawa har inda yake tsayawa. Kada ka ɗago kai, kada ka tanka wa kowa, ko me za a yi, sai na zo."

Ya saɓa fartanya ya fita. Ita ta tafi makaranta ta rakuɓe bayan taga. Malam ya miƙe cikin babbar riga mai sitaci. Ya fara da nahiyoyi bakwai, ya gangaro daular Ghana da Mali da Songhai, ya bi Turawan bincike cikin hamada, ya yi bayanin yadda tafkin Chadi ke ƙanƙancewa. Sa'a guda cur. Shugaban kwamiti, wani siririn dattijo mai tabarau, ya ɗaga hannu.

"Malam, mun gode, mun ƙaru. Iyakar a ina take?"

Malam ya buɗe taswirar da ya zana cikin kwana biyu. Kyakkyawa ce, da kibiya mai nuna arewa, fadama an shafe ta da kore.

"Tana... wajen yamma, ranka ya daɗe."

"Yamma ina?"

Malam ya yi ta jan yatsa a kan koren, bai sami inda zai tsayar da shi ba. Mutanen Tudun Faru suka fara murmushi suna gyara hula. Tasalla ta ce a ranta shi ke nan, gona ta tafi.

Sai ihu ya taso daga fadama. Wani ya shigo a guje yana cewa wawan Kwarin Maje na can yana kashe shinkafar Tudun Faru. Aka zuba waje, har 'yan kwamiti, suna tattare wanduna. Tasalla na gudu tana salati, kuma a cikin gudun ne ta gane abin da bakinta ya jawo. Tun rasuwar ubansu, shekara goma sha biyar, maƙwabtansu na Tudun Faru ke cin gonar kaɗan-kaɗan, taki ɗaya bana, taki biyu baɗi. Ita mace ce ba mai tsaya mata, ta haƙura har ta saba da abin da ya rage, ta ɗauka nan ne ƙarshe. Nomau bai saba ba. Ya wuce iyakar yanzu, ya ratsa tsakiyar shinkafar mutane taki arba'in, a miƙe, kansa a ƙasa. Ta kuma tuna yadda Baba yake yi, don ita ke kai masa fura: ba ya tsayawa sai fartanya ta bugi wani dutse ta yi ƙara, sannan ya miƙe ya dafa ƙugu. Ambaliyar shekaru ta binne dutsen da yashi. Nomau ya zo daidai wurin, fartanya ba ta yi ƙara ba, sai ya ci gaba da sara a nan, yana yin ƙasa.

Da suka iso yana cikin rami har ƙugu. Masu shinkafa sun riga kowa zuwa, sun yi ta jibgar sa da ƙotar fartanya har sun gaji. Jini na bin wuyansa, rigarsa ta rine. Bai ɗago ba, bai ce wayyo ba, sara kawai yake yi. Maigari ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji ƙwal! Nomau ya tsaya cak.

Safiyon kwamiti, wato mai awon ƙasa, wanda tun safe yake hamma, ya yi tsalle ya faɗa ramin. Ya share yashi da hannu. Ba dutse ba ne, turken siminti ne mai lamba a kansa. Ya ce a miƙo masa tsohon fayil na iyakar garuruwan, ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa.

"Shi ne, yallaɓai. Turken da aka ce ruwa ya tafi da shi."

Aka ja igiyar awo daga turken zuwa gindin dutsen marmaro yadda fayil ya nuna. Fadama ta faɗo wa Kwarin Maje, har da abin da aka cinye na gonar Tasalla. A nan tsaye cikin laka shugaban ya yanke magana. Mutanen Tudun Faru suka sulale ɗaya-ɗaya. Shugaban ya tambaya wa ya san da wurin nan har ya sa a haƙa.

"Malam ne, yallaɓai!" in ji Maigari da sauri. "Binciken ilimi ne, wata guda yana kansa."

Malam bai musa ba. Allah wadai, ko ƙifta ido bai yi ba! Ya gyara murya ya fara bayanin yadda mutanen Masar na dā suke sake auna gonaki bayan ambaliyar Nilu. Samari suka ɗaga shi sama, aka samo kalangu, aka ɗunguma gari ana kirari. Mutum fiye da ɗari ne a bakin ramin nan, ba wanda ya miƙa wa Nomau hannu.

Tasalla ta jira ƙurar ta yi nisa, sannan ta zame cikin ramin. Gonarta ta dawo, har da ƙari, amma ba ta ji daɗin komai ba. Kunya ta ji, da baƙin ciki, don wannan karon ba Malam ba ne, bakinta ne. Yana nan a duƙe, hannu biyu a kan fartanya, ƙudaje na bin ƙeyarsa.

"Nomau."

"Yaya, kin zo?" Kansa na ƙasa. "Na kai inda Baba yake tsayawa. Sun buge ni, ban tanka ba. In ɗago yanzu?"

Ta dafa kafaɗarsa.

"Ɗago, ɗan'uwana."

Ya ɗago a hankali. Ido ɗaya ya rufe ruf, haƙori biyu babu. Ya dube ta da idon da ya rage, yana neman ya gane ko wannan karon ma ya yi laifi. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa kai, ta ɗauki fartanya, ta kama hannunsa. Suka bi ta bayan gari zuwa gida, don hanyar gaba ta cika da masu murna.